Halwar Vipassana ta kwana goma a Indiya: wa ya taɓa shiga, kuma ina matsayin salla?

Ɗan Gwale a Pune:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a nan Pune, kuma tun farkon zangon nan barci ya ƙaurace mini. Da na kwanta sai tunanin kuɗin makaranta da na gida da aikin bincike su yi ta kai-kawo a kaina har asuba. Wani abokin karatuna Ba'indiye ya ba ni shawarar in shiga halwar Vipassana ta kwana goma, wadda ta samo asali daga koyarwar Buda. Ya ce babbar cibiyarsu tana Igatpuri, nan cikin jihar Maharashtra, ba a biyan ko sisi, kuma a cewarsa horon zuciya ne kawai, Hindu da Kirista da Musulmi duk suna zuwa. Hutunmu ya kusa. Akwai wanda ya taɓa shiga a cikinmu? Me ake yi a ciki takamaimai? Kuma ya halatta in je?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka soma. Karatu aka tura ka. In barci ya gagara ka riƙe azkar ɗinka na kwanciya, ka ga likita. Me ya haɗa ka da wurin bautar wasu?

Malama Rahila:
Ni na taɓa shiga, lokacin da nake kwas ɗin jinya a Indiya, a wata cibiyarsu da ke kudu. Ni Kirista ce, don haka hukuncin halal da haram na bar wa malamanku. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Ranar da ka isa za ka miƙa wayarka da littattafai da biro a kulle su. Maza ɓangarensu daban, mata daban, har wurin cin abinci da wurin miƙe ƙafa. Daren nan ake ɗaura shiru. Ba magana, ba ishara, ba haɗa ido da kowa, har safiyar kwana na goma. Malami kaɗai za ka yi wa tambaya a lokacin da aka ware, sai mai kula da ɗalibai in kana neman sabulu ko magani.

Ƙarfe 4 na asuba ake buga ƙararrawa, 4:30 kana zaune a kan matashinka. Karin kumallo 6:30, abincin rana ƙarfe 11, ba nama ba kifi. Ƙarfe 5 na yamma sabon ɗalibi yana samun shayi da 'ya'yan itace, tsohon ɗalibi kuwa, wato wanda ya taɓa yin halwar, ba ya cin komai bayan tsakar rana. Ƙarfe 7 na dare a kunna bidiyon jawabin Goenka, wanda ya kafa tsarin, 9:30 a kashe fitila. In ka haɗa zaman duka ya kai awa goma a wuni.

Kwana uku na farko aikin ɗaya ne: ka lura da numfashinka yana shiga yana fita ta hanci. Ba ka jan sa da gangan, ba ka ƙirga shi, ba ka ambaton komai a zuci. Sai a yi ta rage maka fili har ya koma ɗan wurin nan tsakanin ƙofar hanci da leɓen sama. A baki abin wasa ne. Amma kafin ka yi numfashi biyar zuciya ta tsinke igiya kamar akuya, ta tafi wurin wata maganar da aka faɗa maka shekara goma da suka wuce. Ka dawo da ita, ta sake tafiya. Haka za ka wuni.

A kwana na huɗu ake fara Vipassana ɗin kanta. Za ka riƙa bin jikinka daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa, gaɓa bayan gaɓa, kana lura da duk abin da ka ji a wurin, zafi ne, sanyi ne, ƙaiƙayi, zufa, zugi, nauyi. Mai daɗi kada ka kwaɗaita, marar daɗi kada ka ƙi shi, ka dai duba shi ka wuce gaba. Daga ranar kuma akwai zama uku kullum na awa guda-guda da ba ka buɗe ido, ba ka warware hannu ko ƙafa.

A waɗannan zaman ne na ga wani abu da ban taɓa gani ba. Gwiwata ta dama ta ɗau ciwo har ina jin hawaye na taruwa. Da na daina faɗa da shi na tsaya ina dubansa, sai na tarar ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne. Akwai zafi a gefe, akwai ja a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, akwai zugi da ke zuwa yana ɗaukewa, kuma tsakanin zugi da zugi akwai ɗan fili da babu komai. Ciwon bai tafi ba, amma firgicin da ke tare da shi ya ragu sosai. Har yau a wurin aiki, in ɗan'uwan majinyaci ya taso mini da faɗa cikin dare, nakan ji zafin da ke tasowa a ƙirjina tun kafin ya kai bakina. Wannan ɗan jinkirin ya sha hana ni faɗin abin da zan yi nadama.

Amma ɗan'uwana, akwai abu biyu da abokinka bai gaya maka ba. Na farko, dokarsu a rubuce take cewa tsawon kwanakin nan za ka ajiye duk wata addu'a da ibada da azumi da jan carbi. Ni Littafi Mai Tsarki na ajiye, kuma hakan ya yi mini nauyi ƙwarai. Na biyu, a daren farko ana sa ɗalibai su maimaita wasu kalmomi da harshen Pali, tsohon harshen littattafan addinin Buda, na neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'arsa. Goenka yana bayanin cewa ba mutumin ake nufi ba, halayen wayewar zuciya ake nufi. Ni dai a wurin na yi shiru, ban maimaita ba.

Baban Sadik:
Allah ya saka da alheri Malama, kin faɗi gaskiya. To jama'a kun ji. Kwana goma salloli hamsin ke nan, kuma babu yadda za a yi kwana goma ba Juma'a a ciki. Ni a nan maganar ta ƙare.

Ɗan Gwale a Pune:
Innalillahi. Yanzu na shiga shafinsu na karanta ƙa'idojin, yadda Malama ta faɗa haka yake. Dalilin da suka bayar shi ne wai a gwada hanyar ita kaɗai ba tare da gauraya ta da wani abu ba, kuma sun ce ba don rena ibadar kowa ba ne. Na tambayi abokina, ya ce shi bai ɗauki wannan a bakin komai ba, don shi ko ya bar zuwa wurin bautarsu wata guda ba wanda zai ce ya yi laifi.

Auwal Injiniya:
Na ji ana cewa wasu Musulmin sukan shiga, in an koma ɗaki su yi sallarsu a ɓoye. Tunda ba wanda ke leƙa ka, me zai hana?

Malam Na-Zawiyya:
A'a Auwalu, wannan ba hanya ba ce. Mutanen nan sun ba ka ɗaki da abinci kyauta bisa sharaɗin da ka sa wa hannu. Ka karɓa da baki ka warware a ɓoye, yaudara ce, ko da wanda ka yaudara ba Musulmi ba ne. Kuma wace irin salla ce za ka yi kana kasa kunne kada a ji motsinka? In zai tambaya, ya tambaye su a fili: ni Musulmi ne, ba na barin salla, za ku karɓe ni a haka? In sun ce a'a, an rabu lafiya.

Mai Bin Tarihi:
Ina so in taɓa maganar nan ta "ba addini ba ne", domin ita ce ke ruɗa mutane.

Wannan halwar ta gama-garin mutane, waɗanda ba sufaye ba, ba ta daɗe sosai ba. A 1885 Turawan Ingila suka ci Mandalay, birnin sarautar ƙasar Bama (Myanmar a yau), suka tuɓe Sarki Thibaw, daga baya suka kai shi gudun hijira Ratnagiri, a jihar nan ta Maharashtra da ƙanenmu yake zaune. Sarki shi ne majiɓincin addinin Buda a ƙasar, da ya faɗi sai malamansu suka ji tsoron addinin zai bi shi. Wani babban malaminsu, Ledi Sayadaw, wanda ya rasu a 1923, ya ga mafita ita ce a fito da ilimin da zuzzurfan tunanin daga gidajen sufayensu a miƙa wa manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata. Daga gare shi abin ya gangaro ga almajirinsa Saya Thetgyi, manomi, daga shi sai U Ba Khin, wanda shi ne babban akanta na farko na ƙasar Bama bayan 'yancin kai a 1948.

Shi Goenka ɗan kasuwa ne, Ba'indiye haifaffen Mandalay a 1924, daga gidan Hindu. Ciwon ɓarin kai mai tsanani ne ya kai shi wurin U Ba Khin a 1955. A 1969 ya koma Indiya ya fara koyarwa, a 1976 aka buɗe cibiyar Igatpuri, ya rasu a 2013. Yau cibiyoyinsu sun bazu a duniya, har a Afirka ta Kudu akwai. A 1994 sun yi wa fursunoni kimanin dubu kwas a kurkukun Tihar da ke Delhi, zamanin da jami'ar 'yan sanda Kiran Bedi ke shugabantar gidan. Kuma gaskiya ne ba sa karɓar kuɗi, tsofaffin ɗalibai ne ke ba da sadakar da ake ciyar da sababbi.

Ni ina girmama wannan aikin. Amma ku duba abin da ake nema a ƙarshen tafiyar. Ana bin jiki ne don mutum ya gani da kansa cewa komai mai gushewa ne, cewa riƙe shi wahala ne, kuma cewa babu wani tabbataccen "ni" a cikin mutum. Manufar ita ce a kai ga nibbana, wato a fita daga zagayen mutuwa da sake haihuwa da suka yi imani da shi. Jawaban dare a kan wannan suke tafiya. Batun gushewar komai, Musulmi ba zai yi gardama da shi ba, kullum muna cewa duniya ba matabbata ba ce. Batun rashin tabbataccen "ni" kuwa ya ci karo da abin da muka yarda da shi na ruhi da hisabi. Babu gunki a zauren, ba a ce ka canza addini, wannan gaskiya ne. Amma hanyar tana da aƙidar da ta haife ta, kuma wanda ya ce maka babu, bai gaya maka duka ba.

Ummu Hanan:
Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ba mutanen Bamar nan ba ne suka kori Musulmin Rohingya a 2017? Sama da mutum dubu 700 suka tsallaka Bangladash, aka ƙona ƙauyuka, malaminsu Wirathu yana ta hura wutar ƙiyayya. Ina natsuwar take a lokacin? Su za su koya mana tausayi?

Malama Rahila:
Hajiya, abin da aka yi wa Rohingya zalunci ne, kuma malaman da suka zuga shi sun ci amanar abin da suke koyarwa. Amma mu 'yan Arewa mun san zafin a shafa wa kowa laifin wasu. A Indiya an sha tambayata ko mu ne Boko Haram, ni da abokiyar zamana Musulma duka. Matan da suka dafa mana abinci a halwar nan ba su kori kowa daga gidansa ba.

Ummu Hanan:
Haka ne Malama, ban ce kowa ba. Amma ba zan iya jin sunan ƙasar ban tuna ba.

Likita Bashir:
Bari in sa baki ta ɓangarena, don kowa ya tafi kan hukunci an bar ciwon da ya kawo maganar.

Ɗan Gwale, abin da ka bayyana rashin barci ne da damuwa. Ko da babu matsalar salla, ba zan tura mai irin wannan halin ya fara da zaman awa goma a wuni ba, cikin shiru, ba waya, ba wanda ya san shi, ga tashin ƙarfe 4. Mutane da yawa suna fitowa lafiya har su ji sun amfana, kamar Malama. Wasu kuwa abin yana tono musu abin da ba su shirya masa ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, cikinsu har da Willoughby Britton, sun fitar da sakamakon hirar da suka yi da masu wannan zuzzurfan tunanin, inda aka samu masu fama da tsoro, da rashin barci, da dawowar tsohon tashin hankali, da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. Wasu abin ya bi su har bayan halwar. Su kansu cibiyoyin sun san da haka, shi ya sa fam ɗinsu yake tambayar tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa da magungunan da mutum ke sha. Duk wanda zai je, don Allah kada ya ɓoye komai a wurin.

Abin da muke amfani da shi a asibiti daban ne. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts don masu ciwo mai daɗewa da damuwa. Daga wajen mabiya Buda ya koyo, bai ɓoye ba, amma ya cire neman mafaka da maganar sake haihuwa. Kana gidanka, kana cin abincinka, kana ibadarka. Yana taimaka wa wasu daidai gwargwado, ba ya maye gurbin magani ga wanda ke buƙatar magani.

Kai dai fara da ganin likitan makarantarku. Ka gaya masa tun yaushe abin ya fara, ko cin abincinka ya ragu, ko kana jin ka fid da rai da komai.

Malam Na-Zawiyya:
Likita ya yi magana. Ni kuma ina so in ce wa ɗana Ɗan Gwale, ƙishirwar da kake ji ta gaskiya ce, kada wani ya sa ka ji kunyarta. Zuciya tana buƙatar a janye ta daga hayaniya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin wahayi, kuma bayan hijira yana i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan. Kwana goma ne shi ma. Magabatanmu sun san halwa, har ta kwana arba'in, da rage ci da rage barci da rage magana, kuma ba a shigarta sai da iznin shehi da kulawarsa, saboda irin haɗarin da Likita ya ambata. Imamu Gazali ya yi dogon bayani a Ihya'u kan murakaba da muhasaba, yadda bawa zai tsare zuciyarsa ya riƙa binciken abin da ke ɗarsuwa a cikinta.

Bambancin shi ne mu in mun share zuciya, muna share ta ne don ambaton Allah ya zauna. Su kuwa an hana ka ambaton komai. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Amma da na karanta abin da Malama Rahila ta rubuta kan zafin da ke tasowa a ƙirji, jikina ya yi sanyi. An umarce mu in fushi ya zo mu yi shiru, wanda ke tsaye ya zauna, ya yi alwala. To wanda bai ma lura fushin ya zo ba sai bayan ya zagi matarsa, yaushe zai zauna? Mutane nawa ne a cikinmu ke yin raka'a huɗu ba su san surar da suka karanta ba? Waɗannan mutanen sun zauna awa goma suna koyon dawo da zuciya wuri ɗaya. Mu da aka ce mu bauta wa Allah kamar muna ganinsa, mun bar wannan darasin a cikin littafi.

Baban Sadik:
Allah gafarta Malam, i'itikafi na yarda, sunna ce tabbatacciya. Amma halwar kwana arba'in ɗin nan ina dalilinta?

Malam Na-Zawiyya:
Baban Sadik, wannan tsohuwar muhawara ce tsakaninmu, in ka so mu buɗe mata nata zauren. A kan yaron nan dai ni da kai bakinmu ɗaya: ba ya barin salla.

Shugaban Zaure:
Don Allah a tsaya kan tambayar da aka yi. Maganar ɗariƙa da Izala ba yau ba.

Auwal Injiniya:
Na karɓi gyaran Malam kan yin salla a ɓoye. Amma ni har yanzu ina ganin lura da numfashi ba mallakar kowa ba ne. Numfashin Allah ne ya ba mu. Ni bayan sallar asuba da azkar nakan zauna minti goma sha biyar in bi numfashina kawai, kuma wallahi na ga canji a yadda nake tsayawa a salla, waswasi ya ragu. Maganin da muke sha ma ai ba Musulmi ne suka haɗa yawancinsa ba. In an cire kalmomin Pali da aƙidar, me ya rage da za a ce haramun ne?

Mai Bin Tarihi:
Auwal, su malaman Buda da yawa za su ce maka in ka cire waɗannan ai ka ɗauki ɓawo ka bar ƙwaya, don a wurinsu lura ɗin kashi ɗaya ne cikin hanya mai rassa takwas, tare da gyaran magana da sana'a da ɗabi'a. Suna sukar yadda kamfanoni a Turai da Amurka suka mayar da shi abin ƙara wa ma'aikata juriya. Amma ga mai neman barci da natsuwa, abin da ya rage ɗin ya ishe shi.

Malama Rahila:
Gaskiya minti goma sha biyar a gida da kwana goma a can ba ɗaya ba ne, kada in yaudare ku. Abin da na gani a gwiwata ban gan shi ba sai da na kwana uku ban yi magana da kowa ba. Shirun ne ke kaifafa lura. Amma ban koma ba, kuma dalilina shi ne addu'ar da aka ce in ajiye. Na riƙe abin da na koya, ina yi da safe bayan na gama addu'ata.

Ɗan Gwale, in za ka gwada a ɗakinka, ba dole ka harɗe ƙafa ba, kujera ma ta yi, ka dai miƙe bayanka. Ka fara da minti goma. In zuciya ta tafi kada ka yi faɗa da ita, dawo da itan shi ne aikin. In ka ji ƙirjinka na bugawa ko tsoro na taso maka, buɗe ido ka tashi ka taka.

Ɗan Gwale a Pune:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na tura wa cibiyar saƙo kamar yadda Malam ya ce, na gaya musu a fili ni Musulmi ne kuma salla biyar ba ta faɗuwa a kaina. Duk amsar da suka ba ni zan kawo ta nan. In sun ce sai na ajiye, ba zan je ba. Likita, na karɓi lokacin ganin likitan makaranta ranar Litinin. Ina shan shayi mai ƙarfi wajen ƙarfe 10 na dare don in yi karatu, shi ma in bari?

Likita Bashir:
Ka bar shi tun daga la'asar, har da kofi. Ka tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum ko da daren ya yi maka tsawo, kuma wayar ta kwana nesa da gado. In ka kwanta kusan rabin awa barci bai zo ba, ka tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske har sai ka ji gyangyaɗi. Ka rubuta lokacin kwanciya da na tashinka daga yau zuwa Litinin, ka tafi wa likitan da takardar.